Kafar da Na Toshe wa Inna

Ni da hannuna na toshe wa mahaifiyata hanya, kuma ranar da aka gama aikin har rago na yanka don murna. Shekaru sun ja, ni ma yanzu sai na dafa bango nake miƙewa, amma duk sanda na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lokacin ina aiki a ofishin ayyuka a Birnin Kudu, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, kowa yana maganar siminti da kwanon rufi. Aikina awo, abin da ake ce wa safiyo. Ni ne mai tef da turaku da gwangwanin jan fenti. In za a fitar da layi a gari, ko a faɗaɗa titi, ko a haƙa lambatu, ni ake turawa in auna, in zana a takarda, in shafa wa abin da za a rushe fenti. Na auna rumfunan kasuwa ta wajen Yalwan Damai, na ja layi a Unguwar Ya, kuma wallahi ina ji da kaina. Ga babur, ga biro uku a aljihun gaba. A ganina duk abin da ya karkace a duniya ni yake jira in zo in miƙar da shi.

Gidanmu yana Gwaram. Babanmu ya daɗe da rasuwa, sai Inna da ƙanwata, wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. Duk Asabar da yamma nakan hau babur in je, in dawo Litinin da sassafe.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya taso a zamaninmu ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon kajinta. In tana so in ci abinci, ga ni zaune a gabanta, sai ta juya ta ce wa ƙanwata, "A ce wa mutumin Birni tuwonsa yana hucewa." Jikokina in na ba su wannan labari dariya suke yi har su kwanta. Mu ba mu ɗauke shi rashin so ba. Kunya ce, haka muka tarar.

To, gidan nan danga ce ta kara ta kewaye shi. Kowace kaka sai an sake ta, awaki su ci, iska ta kwantar. Abin yana damuna ƙwarai. A ce mutumin da yake miƙar wa wasu layi, uwarsa tana zaune bayan karan dawa? Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai na sayi siminti, aka buga bulo, na ɗauko birkila. Ni na zana katangar da kaina, ta fi ni tsawo, babu ko ɗigon karkata. Ranar da ake cire tsohuwar dangar, a gefen gabas bayan rumbu, na ga wata 'yar kafa, iya wucewar mutum ɗaya in ya karkace. Na ɗauka ɓarnar awaki ce. Har na kira birkila na nuna masa, na ce, "Ka gani? Irin wannan ce za mu huta da ita."

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tana jin mu. Ta ci gaba da murza mazarinta. Da aka gama ginin aka raba naman rago, sai ta ce wa ƙanwata, "A ce masa Allah ya yi albarka." Na hau babur na koma Birnin Kudu kaina ya kumbura.

Maƙwabcinmu na gabas wani Alhaji ne mai motocin lodi da suke zirga-zirga zuwa Kano. Da ya ga tawa katangar, bai yi wata biyu ba shi ma ya kewaye sauran ɓangarorin gidansa da bulo, har ya ɗara ni da jeri ɗaya don in sani. A shekarar kuma aka haƙa lambatu a bakin titin unguwar, zurfinsa ya kai ƙugu, aka shafe shi da siminti. Ni na auna shi. Kowane gida ya samo katako ya ɗora a ƙofarsa don tsallakawa.

Daga nan Inna ta fara canzawa. Da farko kaɗin ta ajiye, mazarinta ya yi ƙura a cikin taskira. Sai abinci, a kai mata a dawo da shi. In na zo in tarar da ita kwance da rana tsaka, matar da a da ko zazzaɓi ba ya kwantar da ita. Na ɗauki shatar mota na kai ta asibiti a Birnin Kudu. Likita ya duba ya ce babu komai sai ciwon gwiwa da shekaru, ya ba da magani. Na sayo madarar gwangwani, na sayo bargo, na sayo rediyo. Rediyon nan ta sa aka lulluɓe shi da kyalle aka ajiye a kan fanteka. Na rasa wanda zan huce a kansa, sai na hau ƙanwata da faɗa, wai ba ta kula da ita. Ta yi mini wani irin kallo, ta tashi ta ba ni wuri.

Wata Laraba aiki ya kai ni Gwaram, awon wani kwalbati a bayan gari. Na bar babur wajen leburori na tako gida da hantsi. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba, na shiga. Tsakar gida babu kowa. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ta bayan rumbu. Na leƙa. Inna ce tsaye, fuskarta dab da katangata, tana buga bulo da sandarta.

Daga can ɓangaren aka amsa. Muryar Hajiya ce, matar Alhaji. "Inna, ina kwana? Na tambayi surukarta ta saman katanga. Ta ce ta sha kunu ludayi biyu."

"Ta yi barci?" in ji Inna.

"Kaɗan. Ta ce wai in tambaye ki ko kin manta hanya ne."

Inna ta ce, "Ce mata ƙafa ce."

A nan na kalli ƙasa. Daga ƙofar ɗakin Inna har bayan rumbu akwai 'yar siririyar hanya, ƙasar ta daddale ta yi sumul, tsakiyarta ta ɗan lotsa saboda taku. Ta zo daidai gindin katangata ta tsaya. Ni da aikina ke nan, duba ƙasa, ban taɓa ganinta ba. Na ja da baya a hankali na koma zaure kafin ta juyo.

Wadda suke magana a kanta Gwaggo ce. Ba ƙanwar babanmu ba ce, aminiyar Inna ce, muka taso muna ce mata haka. Su biyu 'yan Maruta ne, rani ɗaya aka kawo su Gwaram amare. Ita ce ungozomar unguwarmu, gidanta yana bayan na Alhaji. Na san su aminai ne, na kuma ji ɓarin jikinta ya shanye bayan an gama ginin nan, har na je na gaishe ta sau ɗaya ta ƙofar zaurensu. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne, ta ina Inna take zuwa wajenta?

Ƙanwata ta dawo daga niƙa, na tare ta a zaure. Na ce, "Kafar nan da na toshe, ta mene ce?"

Ta sauke kwano ta ce, "Au, sai yau?"

Ta warware mini komai. Ashe tun kafin a haife ni, kullum da hantsi Inna takan ɗauki taskirarta ta bi ta kafar nan, ta ratsa tsakar gidan su Alhaji, ta fita ta wata kafar, ta faɗa gidan Gwaggo, su yi ta kaɗi da hira har azahar. Ba su kaɗai ba. Mata suna da hanyarsu ta cikin gidaje, daga danga zuwa danga, mace ta kai gaisuwar haihuwa ko ta rasuwa ƙarshen unguwa ba ta taka titi ba. Namiji ba ya shiga gidan mutane, balle ya gani. Taswirar unguwar nan ni na zana ta, kowane lungu yana ciki, amma wannan hanya babu.

Na ce, "To me ya hana ta bi ta titi?"

"Ta gwada, Yaya. Sau ɗaya. Ta kai bakin katakon lambatu ta tsaya, ta kasa takawa. Mazan da ke zaune a shagon tela suka taso za su kama ta, kunya ta kama ta, ta juyo. Ko ta tsallake wannan, akwai wani katakon a ƙofar su Gwaggo."

Na ce ai sai in goya ta in kai ta. Ƙanwata ta riƙe baki. "Kai za ka goya ta? Ɗan farinta? Ta gwammace ta mutu a ɗaki. Kuma in ka kai ta yau, gobe fa?"

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. "Wata nawa ana wannan, babu wanda ya gaya mini?"

"Rage murya. Ita ta hana ni. Ta ce ka yi abin kirki, ka fitar da ita kunya a gari, ba za a ce ta raina ba. Ita kuma da wane baki za ta gaya maka?" Ta ɗauki kwanonta, har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Jikin Gwaggo fa ba daɗi. In za ka yi wani abu, yi da wuri."

Sabo ya sa sai da na auna. Ta cikin gidaje taku hamsin bai cika ba. Ta titi kuwa ya haura ɗari huɗu, ga katako biyu. Na tsaya a bakin lambatun nan nawa ina kallonsa, na ce wa kaina, kai dai wawa ne mai biro uku.

Tawa katangar ba matsala, amma in na fasa ta cikin gidan Alhaji za a faɗa, sannan akwai tasa ta can baya. Dole sai da yardarsa. Kuma a nan na sake tafka wata wautar. Maimakon in huce, sai na tafi da zafina, da kakin aiki a jikina, da taswira naɗe a hammata. Na same shi a ƙofar gida tare da direbobinsa. A gabansu na ce, "Alhaji, za a buɗe ƙofa biyu, ɗaya a katangata, ɗaya a taka, tsofaffi su riƙa wucewa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Za a buɗe? Wa zai buɗe? Gidana ba tasha ba ne, Malam."

Sai na hau dokin zuciya. Na warware takarda na nuna masa cewa zaurensa ya ci ƙafa biyu cikin layin titi, in na ga dama gobe in shafa masa jan fenti. Ya miƙe tsaye ya gyara hula ya ce, "Kawo fentin. In ba ka da buroshi in ara maka." Direbobi suka kwashe da dariya. Na naɗe takardata na tafi.

Kwana uku na yi a Birnin Kudu ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar ofis sai in ce shi ke nan, an zo gaya mini Gwaggo ta cika, Inna ba ta gan ta ba. In haka ta faru, na san Inna ba za ta taɓa ce mini komai ba, albarka ma za ta ci gaba da aiko mini. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Ranar Asabar na cire kaki na sa riga da hula. Na jira bayan la'asar da ya rage shi kaɗai a zaure, na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa. Na ce, "Alhaji, na yi rashin kunya. Ka yafe mini. Ba don ni ba, don tsofaffin nan."

Ya bar ni a durƙushe, yana jan carbi, har gwiwata ta fara zafi. Sannan ya ce, "Ka san wadda ta yanke mini cibiya?"

Na ce na sani, Gwaggo ce, ita ta yanke tawa.

"Ta kafar nan ta shigo ranar. Da mahaifiyata ta rasu, ita da Innarku ta nan suka shigo suka yi mata wanka. Ni ma ina yaro ta nan nake sulalewa in an biyo ni da bulala. Wallahi mantawa na yi. Kai ka fara gini, ni kuma na ce ba za a fi ni ba." Ya ajiye carbin. "Da ran nan ka zo mini a ɗan maƙwabci, da tuni an gama. Sai ka zo mini da takarda a gaban yarana."

Na sauke wata ajiyar zuciya da sai da ya ji. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, ƙofofin su zama ƙanana, kuma kada namiji ya bi ta ciki. "Har kai," in ji shi. Na ce na ji na yarda. Shi da kansa ya tashi ya je ya yi wa ɗan Gwaggo magana, aka amince.

Damina ta fara, birkila yana gona. Washegari da sassafe har gonar na bi shi, na ɗauko shi a babur da fartanyarsa. Shi ya shiga ya fasa ta Alhaji, matan gidan suka shige ɗaki. Tawa kuwa na ce ni zan fasa ta. Mutumin da bai taɓa ɗaga bulo ba, sai nuni da yatsa! Na rafka wa babban yatsana guduma har farce ya yi baƙi, amma ban ajiye ba sai da na ga hasken gidan Alhaji.

Birkila ya dawo ya gyara bakin ƙofar, ya ɗora bulo ɗaya a ƙasa ya zama dokin ƙofa, don kada ruwan sama da kaji su riƙa ratsawa. Na duba na ce ya yi kyau. Ƙanwata ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wannan kuma wa zai ɗaga mata ƙafa ta tsallake?"

Innalillahi! Sau nawa mutum zai yi kuskure iri ɗaya? Muka cire bulon, aka baje wurin daidai da ƙasa, na ce wa birkila ya koma ya cire na ɗaya ƙofar ma. Ya tafi yana gunaguni, wai bai taɓa ganin ƙofa babu doki ba, ruwa zai shiga. Na ce ya shiga. Hajiya kuma, ba wanda ya gaya mata, ta kifa tsohon turmi a gindin darbejiyar tsakar gidanta, daidai rabin hanya, don mai wucewa ta zauna ta huta.

Tun daga ranar na canza yadda nake aiki. Kafin in buga turke a unguwa, sai na sa an tambayo mini tsofaffin mata ta ina suke bi, in kuma samu dattijon da ya fi kowa rauni in bi shi a baya daga gida zuwa masallaci, in ga inda yake tsayawa ya numfasa. Abokan aiki suka sa mini suna safiyon tsofaffi. Ban gyara duniya ba, sau da yawa ma a ofis ake jan layi a kan abin da na rubuta, lambatun nan kuwa yana nan har yau da katakonsa. Amma na hana a rushe dakali da dama.

A ranar da aka buɗe ƙofofin kuwa, siminti bai gama bushewa ba Inna ta fito. Ta ɗaura zanenta na saƙi wanda take ajiyewa don salla. Ƙanwata tana biye da ita riƙe da taskira. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya a bakin ƙofar ta shafa gefenta da hannu. Ta ce wa ƙanwata, "A sa wa yatsan nan man kaɗanya." Sannan ta sunkuyar da kai ta shige.

Ni kuwa nan na tsaya, don na yi alkawari. Sai kunne. Ina jin sandarta, ƙwas, ƙwas, tana nisa. Ƙarar sandar ta ɗauke, na ce Inna ta zauna a turmi. Ta sake tashi, ƙwas, ƙwas, har na daina ji. Shiru ya yi tsawo. Kaji suka bi ta ƙafata suka shige gidan Alhaji, ban ko kore su ba. Zuciyata ta ce mini mun makara, yanzu za ka ji salati.

Sai na ji murya daga can, harshen ya yi nauyi amma na gane ta, ta Gwaggo ce. "Sai yau? Ai na ɗauka kin zama matar gwamna, an rufe ki a katanga!"

Na ji Inna ta ce, da ƙarfin da rabon da in ji shi an yi watanni, "Rufe mini baki, tsohuwar banza. Matsa in zauna."

Daga nan sai hayaniya, ban iya raba kuka da dariya ba. Na zauna a kan fasassun bulo ina ta alhamdulillahi, hawaye yana zuba, birkila yana kallona kamar na taɓu.

Gwaggo ta ƙara damina biyu a duniya, kuma babu ranar da Inna ba ta je ba, ko ana ruwa. Ranar da ta cika, da hantsi ne, kanta yana kan cinyar Inna.